Shaidar Baki da Shaidar Takarda: Mahajjatan Karkarar Kano a Gaɓar Bahar Maliya

1.0 Gabatarwa

Kalmar "shaida" tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa. A asalinta mutum take nufi, ko kuwa abin da ya fito daga bakinsa, watau wanda ya gani da idonsa, ya kuma yarda ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani. A yau kuwa, in aka ce wa matafiyi a tashar jirgi ko a bakin iyaka ya kawo shaidarsa, ba zai waiwaya neman maƙwabcinsa ba, aljihunsa zai laluba. Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda shaida ta tashi daga bakin mutane ta koma aljihu, da kuma abin da ya sami waɗanda tasu ta salwanta a hanya.

Za mu ɗauki misalinmu daga manoman arewacin Kano, na ƙasashen Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, da ire-irensu da suka riƙa bin hanyar gabas da ƙafa zuwa aikin hajji a zamanin Turawa. Dalilin wannan zaɓi shi ne, a gaɓar Bahar Maliya, a bakin jirgin ruwa, talakan ƙasar Kano ya fara cin karo da ƙofar da ba ta buɗuwa sai da takarda.

2.0 Yadda Ake Sanin Mutum a Karkara

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kamar yadda binciken Mortimore da Wilson na 1965 ya nuna. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da takin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni. A irin wannan wuri kowace ɗorawa da kowace kuka tana da mai ita, haka kuma kowane mutum yana da wanda ya san shi.

Hanyoyin sanin mutum uku ne. Na farko asali: ɗan wane ne, daga gidan wa ya fito, wace sana'a suka gada. Na biyu zanen da wanzami ya yi masa ran suna, irin su bille da kalangu da zube da 'yar baka, wanda da ganinsa ake rarrabe Bagobiri da Babarbare tun kafin su buɗe baki. Na uku kuwa jerin shugabanni, daga maigida zuwa mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, har ya kai ga sarki. Duk ukun ba mai faɗuwa daga aljihu, ba kuma wanda gara ke ci.

In mutum ya bar gida, wannan tsari yakan bi shi. Falken da ya shiga ayarin Gwanja yana ƙarƙashin madugu, shi ke magana da sarakunan hanya, shi ke daidaita kuɗin fito. In an sauka a wani gari, fatoma ne ke ba baƙo masauki, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Wasiƙa mai hatimi akwai ta, amma ta manya ce da manzanninsu da baƙinsu. Alal misali, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya karɓi wasiƙar amana daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853 kafin ya nufi Tambutu. Talaka dai mutane ne takardarsa.

3.0 Takardar Farko: Rasit ɗin Haraji

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba a daɗe ba suka mai da hakimai ƙasashensu, suka kuma fara auna gonakin da ke kusa da birni da taku, abin da ya sa aka kira ma'aikatan da ke wannan aiki malaman taki. Ta wannan hanya sunan manomi ya fara shiga littafin hukuma. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, sai biyan haraji da kuɗin Bature ya zama abin da kowane magidanci ya sani.

Rasit ɗin haraji ba a yi shi don shaidar mutum ba, amma aikin da ya yi ke nan. Ɗan cin rani da ya bar Bichi bayan kaka yakan ninke shi ya ɓoye a lalita ko a naɗin hula, domin in dogari ya tare shi a wata ƙasa, da shi zai nuna cewa yana da gari, yana da dagaci, ya kuma sauke nauyin bana. Wanda ya yar da nasa yana iya biya sau biyu. Sai dai hasarar ba ta wuce ta kuɗi ba, don kuwa dagacinsa yana nan, tafiyar 'yan kwanaki ce a sami wanda zai ce ya san shi. Wannan haraji ya ci gaba har 1979, lokacin da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke shi tare da jangali a Jihar Kano.

4.0 Hanyar Gabas

Daga Kano zuwa gaɓar Bahar Maliya ya fi kilomita 3,000. Hanyar ta daɗe, amma a ƙarshen ƙarni na 19 yaƙe-yaƙen Rabeh a Barno da na Mahadi a Sudan sun tsananta haɗarinta. Abubuwa da dama suka sake buɗe ta. An kashe Rabeh a Kusuri a 1900. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran masu hijira, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, wanda ya zama masauki ga na baya. Faransa ta ci Abeshe a 1909, Ingila ta ci Darfur a 1916, jirgin ƙasa kuma ya kai Al'ubayyid a 1912.

Don haka mahajjaci yakan tashi daga ƙauyensu ya bi ta Maiduguri, ya ƙetare zuwa Fallomi, watau birnin da ake kira Njamena tun 1973, ya wuce Abeshe da Jinaina da Fashir, ya kai Al'ubayyid, daga nan in yana da hali ya hau jirgin ƙasa. Mafi yawansu ba su da guzurin da zai kai su, saboda haka tafiyar takan ɗauki shekaru. A yi damina a Wadai, a yi ƙodago a Darfur, a yi ɗiban auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sannar a 1925. Akan yi aure a hanya, a haihu, a binne wasu. J. S. Birks, a littafinsa na 1978, ya bayyana yadda zangon Hausawa ya jeru a wannan hanya, kowane zango da shugabansa mai karɓar baƙo. Ke nan har zuwa tsakiyar Sudan tsohon tsarin fatoma ne ke aiki, mutum yana miƙa mutum ga mutum.

5.0 Bakin Jirgi

Abin da ya sa gaɓar teku ta bambanta ya samo asali ne daga nesa. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka, ta bi jiragen alhazai zuwa Masar, ta shiga Turai. Tun daga taron Istambul na 1866 ƙasashen Turai suka sa ido kan jiragen mahajjata, aka kafa wuraren killace su: Kamaran ga masu zuwa daga Indiya, Ɗur ga masu komawa Masar, Sawakin kuma ga masu ƙetarewa daga Sudan. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, taron Faris na 1920 ya daidaita siffar fasfo ya zama ɗan littafin da muka sani, sa'an nan yarjejeniyar kiwon lafiya ta Faris ta 1926 ta nemi kowane mahajjaci ya riƙe tikitin komawa, ko ya ajiye kuɗin da zai isa a komar da shi.

Turawan Nijeriya kuwa suna da nasu dalili. Tsoron Mahadiyya bai bar su ba. H. R. Palmer ya bi hanyar daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto a 1919. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru. Daga 1924 zuwa 1925 G. J. Lethem ya sake bin hanyar don ya ga halin da mutanen Nijeriya ke ciki a Sudan da Hijaz. Daga waɗannan rahotanni aka tsara dokar mahajjata, wadda ta nemi mai niyya ya karɓi fasfon hajji tun daga gida, ya ajiye kuɗi a hannun hukuma, a yi masa lamba, ya kuma ƙetare ta Sawakin a jirgin da hukuma ta amince da shi.

Ga mai hali wannan ba wani abu ba ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, Sarkin Kano Abdullahi Bayero kuma ya yi nasa a 1937. Amma manomin da ya fito da jaki da buhun gero, wanda dabararsa ita ce ya tara kuɗin ƙetarewa a hanya, an nemi ya biya a farkon tafiya abin da ba zai samu ba sai a ƙarshenta. Da yawa suka fita ba takarda. A tudu wannan bai hana su komai ba, domin iyakar da ke tsakanin Barno da Cadi, ko Wadai da Darfur, daji ce mai faɗi, ana iya kewaye ofis. Teku kuwa ba ta kewayuwa. Tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne kacal, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya riga ya tako, amma matakalar jirgin ɗaya ce, mai duba takarda yana tsaye a gindinta.

6.0 Wanda Takardarsa ta Ɓata

Mu ɗauka wani manomi ne daga ƙasar Dambatta ya bi doka, ya karɓi fasfonsa, ya sa a gafaka tare da Alƙur'aninsa. Takardar da aka yi domin tafiyar watanni ba lalle ba ne ta jure tafiyar shekara biyar. Akwai ruwan sama, akwai gara, akwai gobarar bukka, akwai 'yan fashi. In ta salwanta, da ita da shaidar kuɗin da ya ajiye duk sun tafi, dagacinsa kuma yana bayan tafiyar watanni. Hanyoyi uku suka rage masa.

Ta farko ita ce ya nemi shugaban zango ko wani sanannen ɗan ƙasarsu ya tsaya masa gaban hukuma. A nan ma akwai cikas. Mutumin Arewa a dokar wancan zamani yana ƙarƙashin kariyar Ingila ne, ɗan'uwansa na Damagaram kuwa yana hannun Faransa, alhali iyakar da aka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta raba harshe ba, ba ta raba zane ba. Zanen fuska yana faɗin dangin mutum, amma ba ya faɗin wace gwamnati ce za ta biya kuɗin komar da shi, wannan kuwa ita ce tambayar da ke gaban jami'in.

Ta biyu ita ce satar hanya. Jonathan Miran, a maƙalarsa ta 2015, ya nuna yadda dubban mahajjatan Afirka ta Yamma suka riƙa kauce wa Sawakin, su gangara Masawa ta ƙasar Iritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, su shiga ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda Larabawa ke kira sambuk. Akan sauke su a gaɓar kudu, wajen Kunfuda ko Lis, su ƙarasa Makka da ƙafa cikin ƙishirwa. Wasu jiragen sun nutse, wasu matuƙan sun zubar da mutane inda ba ruwa. Mafi muni kuma, ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962, kuma wanda ya shiga ƙasa ba takarda ba ya cikin littafin kowa. In aka sayar da shi ko ɗansa, ba ofishin da zai lura an rasa mutum. Gaskiya ne yarjejeniyar Jidda ta 1927 ta bar wa ofishin jakadancin Ingila ikon 'yanta bawan da ya gudo gare shi, har zuwa 1936, amma sai wanda ya iya kai kansa ƙofar.

Ta uku ita ce zama. Ɗimbin Hausawan Sudan jikokin waɗanda suka tsaya ne da niyyar ci gaba baɗi, har C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya iske na ƙarni na uku da na huɗu suna kiran kansu mahajjata masu kan hanya. Takarda ta sake cim musu a can. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin ma'auni, watau sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun lokacin. Wannan ya bar zuriyar waɗanda suka zo bayan Burmi a waje, sai dai su nema a ba su. Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Hijaz kuwa, daga tsohuwar kalmar Larabci "Takarir" aka sami sunan da ake kiransu da shi, takari, sunan da a bakin Bahaushe ya koma nufin mai zama a Saudiyya ba iƙama.

7.0 Jirgin Sama da Matsalar Suna

A 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Muhammadu Nagoda da Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci wadda aka sani da WAPA, sunan da har yau yake kan wurin 'yan canji a Fagge. A 1953 Abubakar Imam ya kawo shawara a Majalisar Wakilai cewa a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, ya kuma je hajji a shekarar ya dawo da rahoto. Jirgin sama ya karɓe aikin a hankali, aka kafa Hukumar Alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000.

Tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, amma yanzu ba sauran daji da za a kewaya tun daga gida. Takardar kuma ta zo da tambayoyin da al'ada ba ta tanadi amsarsu ba. Tana son ranar haihuwa, alhali dattijo abin da ya sani shi ne an haife shi shekara biyu bayan yunwar Kakalaba ta 1914. Tana son sunan dangi tabbatacce, alhali mutum Audu ne a gida, Abdullahi a makarantar allo, Ɗanlami a bakin kakarsa. 'Yan boko sun warware tasu da ɗaukar sunan gari, shi ya sa muke da Aminu Kano da Isa Kaita da Magaji Dambatta. Manomi kuwa abin da malamin ofis ya ji, shi ya rubuta.

Wannan ba tsohon labari ba ne. A watan Satumba na 2012 hukumomin Saudiyya sun tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina, aka komo da da yawa daga cikinsu, bisa cewa ba su da muharrami. Rahotannin lokacin sun nuna akwai waɗanda suke tare da mazansu, amma sunan da ke fasfon matar bai dace da na mijin ba, abin da ba baƙo ba ne ga al'ummar da mace ke riƙe sunan mahaifinta. Mijin yana tsaye, shaidun ɗaurin auren suna raye a ƙauye, amma takarda ba ta san su ba. An sassauta sharaɗin muharrami daga 2021.

8.0 Kammalawa

Nijeriya ta fara ba da fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2007, shekarar da aka kafa hukumar da ke ba da lambar shaidar ɗan ƙasa. Daga 2009 Saudiyya ta daina karɓar fasfon hajji na musamman, sai na ƙasa da ƙasa. Zanen yatsa ya maye gurbin zanen wanzami, kuma yana da fa'idar da rasit ɗin haraji ba shi da ita: ko littafin ya ɓata, bayanin yana ajiye. Tashar ruwan Jidda, inda takari ya taɓa sauka a tsorace, tun 2021 manyan jiragen yawon shaƙatawa suke tashi daga cikinta. Duk da haka tambayar da ake yi a gindin matakala ba ta sauya ba. A watan Afrilu na 2023, da yaƙi ya ɓarke a Hartum, jiragen ruwa sun kwashi dubban mutane daga Bur Sudan zuwa Jidda, amma waɗanda fasfonsu ya maƙale a ofisoshin jakadancin da aka rufe sun rasa hanyar fita.

Abin lura a ƙarshe shi ne inda hukuma ke komawa in takarda ta ɓata. Mutumin Minjibir da ya yar da fasfonsa a yau zai kai rahoto ga 'yan sanda, ya yi rantsuwa a kotu, ya kawo lambar shaidarsa. In kuwa ya rasa shi a ƙasar waje, ofishin jakadanci zai ba shi takardar komawa gida ta gaggawa bayan ya gamsu cewa ɗan Nijeriya ne. Amma fasfon da kansa ya dogara ne tun farko a kan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, ita kuma a ƙasar Kano bisa al'ada sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun ce sun san mutum. Ke nan shaidar takarda ba ta kashe shaidar baki ba, a kanta aka gina ta.

Wannan yana ɗora nauyi a kan masu nazari. Fayil-fayil na Turawa da ke Kaduna sun adana sunan wanda ya bi ta ofis. Wanda ya bi ta Masawa ba ya ciki, sai dai a bakin jikokinsa a Kunci ko Makoɗa, waɗanda har yanzu suke faɗin cewa wani kakansu ya yi gabas bai komo ba. Ya kamata ɗalibanmu su ɗauki waɗannan bayanai tun masu riƙe da su suna raye, su haɗa da na zangunan Sudan, domin ga yawancin waɗannan matafiya wannan ita ce shaida kaɗai da ta rage.